Ledar da ke Ɓoye a Ƙofar Mota

Yawancinmu a Avédji tsofaffin motocin Turai muke hawa, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome. Mun lura cewa a kowace damina, tun daga Afrilu har Yuli, gidaje da dama suna kukan warin danshi a mota, sai a ɗora laifi kan gilashi.

Alhali kuwa an ƙera ƙofar ne domin ruwa ya shiga ta gefen gilashi, ya fita ta 'yan ramuka a ƙasanta. Wata leda da aka liƙa da baƙin danƙo ita ke tsare kwalin ciki da wayoyi. Idan bakanike ya yage ta wajen gyaran gilashi bai mayar ba, kwali ya kumbura, shimfiɗa ta jiƙe, tsatsa ta kama, iskar teku mai gishiri kuma ta ƙara mata ƙarfi. 'Ya'yanmu ne ke shaƙar fumfunar a kujerar baya.

Shi ya sa a gidanmu muke tsayawa a garejin har a yanka leda mai kauri daidai ƙofa, a liƙe kewayenta, a kuma buɗe ramukan nan kafin a mayar da kwalin.