Dundumin Auta

A wani ƙauye kusa da Maradi akwai yaro ɗan shekara 5, ana ce masa Auta. Da rana yana wasa lafiya lau. Amma da almuru ta yi, sai ya riƙa lalube, yana tuntuɓe da turmi.

Kakarsa ta ce: « Wannan dundumi ne. »

Washegari uwarsa ta kai shi asibiti. Likita ya duba idanunsa, ya ce:

« Malama, jikin yaron nan ya rasa bitamin A. Ita ke taimakon ido ya gani idan haske ya ragu. In aka yi sakaci, ido yana bushewa, har yaro ya makance. »

Ya ɗiga wa Auta magani a baki, sannan ya ƙara cewa:

« Ki riƙa ba shi hanta, ƙwai, mangwaro, kabewa da ganyen zogale. Ki sa mai a kwaɗo, don sai da mai jiki ke ɗaukar bitamin A sosai. Hanta da wake suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Gishiri mai iyodi kuma yana hana maƙoƙo. »

Uwar ta riƙe baki. Ashe zogalen da ke bayan ɗakinta, wanda awaki ke ci, shi ne abin da ɗanta ya rasa!

Bayan ƴan kwanaki, Auta ya fita da almuru, ya koro awaki har gida, bai yi tuntuɓe ba.