NI NE DIREBAN MASHAYA: KWANA BIYU A GONAKIN INABIN BORDO

Bari in fara da wanke kaina, don tun jiya da na saka hoton teburin nan mai kwalabe wayata ba ta huta ba. Wani ƙanina har da tambayar ko Hajiya ta gani. To ku kwantar da hankalinku, ko ɗigo bai wuce maƙogwarona ba. Direba aka ɗauke ni. A Faransa doka ba ta yarda ka tuƙa mota ba idan barasar da ke jininka ta kai rabin giram a lita, kuma kofi biyu ma kan iya kai mutum can. Shi ya sa a garin nan wanda ba ya sha yake da farin jini duk ƙarshen mako. Kowa abokinka ne ranar Asabar.

Na san abin da malamai suka ce a kan zama inda ake shan giya, ban kuma raina maganar ba. Na juya ta a raina kafin in amsa gayyatar. Abin da ya rinjaye ni shi ne ba yawon shaƙatawa kaɗai ba ne. Abokina ɗan Jos, wanda muka shekara huɗu muna raba ofis ɗaya, yana auren wata Bafaranshiya, kuma surukinsa manomin inabi ne da ke tunanin tumɓuke gonarsa. Tsohon ya ji cewa karatuna na ƙasar noma ne, sai ya ce a kawo masa ni in duba masa ƙasa. Mu biyar muka cika motar: shi da matarsa, wani ɗan Sanagal da muke aiki tare, wata likita ƙawar matar, sai ni a kan sitiyari.

Da safiyar Asabar muka fara da Saint-Émilion, kamar kilomita 40 gabas da Bordo (su Bordeaux suke rubutawa). Tsohon gari ne a kan tudun farin dutse, har cocinsu a cikin dutsen aka sassaƙa shi, kuma tun 1999 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Ramukan da aka haƙo dutsen gini a cikinsu su ne yanzu ma'ajiyar gangunan giya, saboda sanyinsu ba ya canzawa rani da damina. Kowace ganga lita 225 ce, wato kwalba 300, kuma da itacen oak ake yin ta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne su kansu ba shan suke yi ba. A zuba ɗan kaɗan a gindin kofi, a ɗaga a duba kala, a jujjuya, a tura hanci, a kurɓa a wasa da shi a baki, sannan a tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye don haka. Ɗan Sanagal ya ce shi wannan almubazzaranci ba da shi ba, ya haɗiye nasa. Ni kuwa matar abokina ta miƙo min kofinta ta ce, «Malam, hanci dai ai ba ya karya alwala.» Na yi dariya na shinshina.

Gaskiya ban zaci haka ba. Na ɗauka warin da na sani ne na bakin tasha, wanda ke bugo ka idan mashayi ya matso yana tambayar motar Kaduna. Wannan daban ne. Jar giya ce ta 2016, yawancinta daga inabin da suke kira Merlot, kuma abin da ya zo min shi ne ƙamshin ɗinya da ta nuna sosai, a bayansa kuma wani abu kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Abokina ya ce a baki tana da laushi, sai dai tana barin wani ɗan kamu a dasashi. Ya yi ta fama da Faransanci yana min bayani, na ce masa mutumina, bauri kake nufi, irin na ɗanyen goro. Ya ce shi ke nan! Baurin nan daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, kuma shi ne ke sa giyar ta iya shekara ashirin a kwalba ba ta lalace ba, tana ƙara laushi ne ma. Suka haɗa kuɗi suka sayi kwalba ɗaya Yuro 65.

Da yamma muka tsallaka kogin Dordogne zuwa gidan tsohon. Yankinsu ana ce masa Entre-deux-Mers, ƙasar da ke tsakanin Dordogne da Garonne. Tafiyar ba ta kai minti arba'in ba, amma kamar ka shiga wata ƙasa. A Saint-Émilion kowace kuranga a gyare take kamar an yi mata kitso. A nan sai ka wuce gona ciyawa ta cinye ta, ka wuce wata an tumɓuke an tara kututturan tsibi-tsibi ana jiran a cinna wuta.

Tsohon ya haura saba'in, hannunsa kamar saiwa. Ya gasa musu nama a kan busassun rassan inabi, ni kuma ya gasa min kifi a wani wajen daban ba tare da na roƙa ba, ya ajiye min tulun ruwan inabin da aka matse bana, wanda bai fara tsami ba. Wallahi wannan ruwan kaɗai ya biya min kuɗin mai. Zaƙinsa ba irin na kwali ba ne, yana da ɗan tsami-tsami a ƙarshe mai sa ka ƙara.

Bayan an ci abinci ya ce a yi wasa. Abokina ya zo da wata kwalba ta Pauillac ta 2010 da ya ɓoye tun bikinsu, wadda yanzu kuɗinta ya haura Yuro 200. Ga ta Saint-Émilion ta safe. Ga kuma ta tsohon, ta 2019, wadda yake sayarwa Yuro 7 a ƙofar gida. Ya sa na shiga kicin na zura kowacce cikin safa, na lamba ta ɗaya, biyu, uku. Ni kaɗai na san wacce ce wacce, tunda ni ne ba ni da ra'ayi a ciki. Alƙalin da bai taɓa ɗanɗana abin da ake shari'a a kai ba, ka ji fa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai arha ce ta ci ba, irin labaran nan masu daɗin ji. Ta Pauillac ce ta ci, su huɗu duka suka zaɓe ta, har shi tsohon ya ɗaga kofin ya yi shiru na ɗan lokaci. Ni ma da hanci kawai na ji bambancin. Ƙamshinta ya mayar da ni aji uku na firamare, lokacin da ake fiƙe fensir da reza, ga kuma wani abu kamar busasshen ganyen taba. Likitar ta ce abin da ya burge ta shi ne bayan ta haɗiye ɗanɗanon ya ƙi tafiya, tana ƙirgawa har ta wuce talatin. A Pauillac inabin Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa, a kan tsakuwar da kogi ya tara. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, dole saiwa ta nitsa ƙasa tana nema, ’ya’yan su fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Wannan ɓangaren na fahimce shi fiye da su duka.

Rigimar a matsayi na biyu take. Uku cikin huɗu suka ɗora ta tsohon a kan ta Yuro 65. Suka ce ta fi sakin jiki, ta fi tafiya da nama. Ni a hancina kamar zoɓon da aka dafa da kanumfari. Da na zare safar ’yarsa ta yi tafi, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, «Ɗana, wannan da kuke yabo, rabinta na nan a tanki shekara biyu ban samu mai saye ba.»

Daga nan hirar ta daina zama ta ƙamshi.

Ya ce abin da yake sayarwa a ƙofar gida bai taka kara ya karya ba. Yawancin giyarsa dillalai ne ke sara a tanki, kuma tayin ƙarshe da aka yi masa, idan ka raba, kwalba ba ta kai Yuro ɗaya ba. Kuɗin feshi da man tarakta da leburori sun fi haka. Dalilan kuwa kowa a yankin ya haddace su. Faransawa sun rage sha: a shekarun 1960 mutum ɗaya kan sha sama da lita 100 a shekara, yanzu abin ya dawo wajen 40, kuma matasa sun fi karkata ga giyar sha'ir da farar giya, alhali Bordo ja ta fi yi. Kasuwar Chaina da suka dogara da ita ta ja baya. Jaura ta ƙone musu toho a Afrilun 2021, fari da gobarar daji a 2022, cutar fumfunar ganye a 2023. Sai ga Trump a 2025, ya fara da barazanar harajin kashi 200, aka ƙare a kashi 15 a kan kayan Turai da ke shiga Amurka.

A Disambar 2022 manoman suka yi zanga-zanga a cikin Bordo, kuma abin da suke nema shi ne a biya su su tumɓuke gonakinsu. Ku sake karantawa. Manomi ne ke roƙon a taimaka masa ya daina noma. A 2023 aka fito da shirin biyan Yuro 6,000 a kan kowace hekta, da nufin cire kusan hekta 9,500. A shekarar dai aka ware Yuro miliyan 200 don a sayi rarar giya a mayar da ita barasar masana'anta, irin ta sinadarin wanke hannu. Daga baya aka yi wani shirin na ƙasa baki ɗaya a kan Yuro 4,000. Ba a son a bar gona haka kawai, don kurangar da aka yi watsi da ita matattarar cuta ce ga gonar maƙwabci.

Su kuma manyan gidajen can sama? Sunansu na cikin wani jeri da aka tsara tun 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku, don baje kolin Faris. Gida huɗu aka sa a sahun farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Tun daga lokacin babban sauyin da aka yi shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa sahun a 1973. Su ma kasuwa ta taɓa su, farashi ya sauka, amma ba su ne ke ƙona kututture ba. Ban ce giyarsu ba ta fi ba, ai mun ga ta fi. Ni dai lissafin ne ya ƙi shiga kaina: bambancin da su huɗu suka ji a baki, shin ya kai a ce ɗaya Yuro 200, ɗaya ƙasa da Yuro ɗaya? Na tambayi likitar, ta ce a'a, ko kusa. Na tambayi abokina, ya ce shi bikinsa ya saya, ba giya ba.

Da asubar Lahadi, bayan na yi salla, na same shi a tsakar gida da shebur. Muka shiga gonar cikin hazo. Hekta 14 ce. Ya nuna min layin da mahaifinsa ya dasa, kututturan sun yi kauri sun murɗe. Muka haƙa rami uku. A tudu yumɓu ne a kan farin dutse, ƙasa mai kyau, kusan irin wadda na gani a Saint-Émilion jiya, sai dai kogi ya raba su, suna ya raba su. A gangare kuwa laka ce mai nauyi da ke riƙe ruwa, kuma can ne jaura da fumfuna suka fi yi masa ɓarna.

Na ce masa, Baba, in da ni ne, zan cire na gangaren in bar na tudun. Ya tambaye ni me zai shuka a wurin. Ya ce maƙwabcinsa ya gwada zaitun, wani kuma yana maganar faifan sola. Na ce zaitun ba ya son ƙafarsa a ruwa, kada ya kai shi gangaren nan, ciyawar dabbobi ko itatuwa sun fi dacewa, amma sai na auna samfurin kafin in yanke magana. Ya ce duk abin da ya dasa yanzu ba shi zai ci moriyarsa ba, kuma ’ya’yansa biyu babu mai son gona. Yana faɗa ’yarsa na tsaye a bayanmu da kofin shayi. Ba ta ce komai ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na duƙa na ci gaba da zuba ƙasa a leda.

Kan hanyar komawa muka tsallaka Garonne muka ratsa Sauternes, don likitar ta nace. Can ake yin wata farar giya mai zaƙi, kalar zuma. Hazon da ke tashi inda ƙaramin kogin Ciron mai sanyi ya haɗu da Garonne shi ke sa wata fumfuna ta kama inabin, ta tsotse ruwansa ya yamutse kamar zabibi, sai a bi ana tsinka a hankali, a dawo gona ɗaya sau da yawa. Na ga ’ya’yan da idona, da a kasuwar Yankaba ne ko kyauta ba mai ɗauka. Ƙamshin kuwa zuma ce da busasshen mangwaro. Ɗan Sanagal ya ce wannan ko kakarsa za ta iya rantsewa lemo ne. Su uku suka yaba, amma abokina bai taɓa kofinsa ba, hankalinsa na wani wuri.

Mun iso Bordo bayan magariba, duk sun yi barci a mota sai ni da rediyo. A but akwai jarka biyu ta ruwan inabin da tsohon ya ba ni, ya ce in shanye cikin kwana uku ko in sa a firiza, in ba haka ba zai zama abin da ba na sha. Akwai kuma ledojin ƙasa shida da na yi wa lamba. Takardar neman tallafin tumɓukewar na manne a ƙofar firjinsa, ya cike komai sai wurin yawan hekta da wurin sa hannu. Na yi masa alkawarin sakamakon awo nan da mako biyu.