Taraktar Kawu da Ƙurar Hunturu

A ƙarshen kowace kaka, da zarar an kai masara rumbu, kawuna a Faskari yakan shigar da tsohuwar taraktarsa ƙirar Massey Ferguson ƙarƙashin rumfa, ya ware mata yini guda cur. Ina yaro nakan ɗauka ɓata lokaci ne. Noma ya ƙare, me kuma za a yi wa motar da za ta kwanta wata biyar?

Manomi a Kanada yana fargabar ruwan lagireto ya daskare ya fasa inji. Mu a kudancin Katsina ƙura ce abokiyar gabarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ta daga Sahara, ta cusa ta ko'ina. Idan ta ratsa matatar iska ta haɗu da baƙin mai, sai ta riƙa cin inji a hankali, ba tare da mai shi ya sani ba.

Don haka Kawu yakan juye tsohon baƙin mai, ya sauya matata, ya cusa giris a kowace gaɓa. Yakan cika tanki da dizal, domin tankin da aka bari rabi yakan tara raɓa a daren sanyi. Sai ya cire batir, ya ɗora motar kan kututture don kada tayoyi su tsage, ya kifa gwangwani a bakin salansa. Duk mako yakan leƙa ko ɓeraye sun taɓa wayoyi.

Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, duniya ta ji abin da manoman Faskari da Sabuwa suka daɗe da sani: gonar da ke bakin daji ta fi ƙarfin mai ita. Damina biyu Kawu bai taka babbar gonarsa ba, amma bai fasa hidimar taraktar ba.

Na ce masa, "Kawu, ku sayar da ita mana ku huta."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ɗana, ran da hanya ta buɗe, ruwan shuka ba zai jira bakanike ba."

A damina ta uku ya samu hayar wata gona kusa da gari. Maƙwabta na bin layin gyara a Funtuwa, shi kuwa ya mayar da batir, ya murɗa makulli, ta tashi.