Hans Fallada da Katunan Berlin

Idan aka zo zancen adabin Jamus, Thomas Mann da Brecht ake fara kawowa. Ni kuwa Hans Fallada nake so ɗalibai su sani, marubucin da bai yi gudun hijira ba a zamanin Hitler, ya zauna yana lallaɓawa, abin da aka daɗe ana zargin sa a kai.

A 1946 ya rubuta littafinsa na ƙarshe, Jeder stirbt für sich allein, daga takardun binciken Gestapo a kan wasu talakawa ma'aurata, Otto da Elise Hampel, masu rubuta katunan sukar Hitler suna ajiyewa a matattakalar gidajen Berlin. An fille musu kai a 1943.

Masu tsintar katunan su suka fi tsaya mini a rai. Mutum ya karanta layi biyu, jiki ya ɗauki rawa, ya garzaya wurin hukuma tun maƙwabci bai riga shi kai tsegumi ba. Galibin katunan a hannun Gestapo suka ƙare. Fallada bai tsine wa mutanen nan ba, domin shi kansa an tsare shi a 1933. Sai a 2009 aka fassara littafin zuwa Ingilishi, shekara 62 bayan rasuwarsa.