Mai Dabo da Yaran Sahun Gaba

Sukuntuni mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kankiya, a tsakiyar jihar Katsina, kuma kamar sauran garuruwan yankin, harka takan buɗe mata da kaka. Idan gero da dawa suka shiga rumbu, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai masu cin kasuwa su fara zagaye: mai maganin basir da lasifikarsa, gardi da macijinsa, ɗan kama, da mai dabo. Shi mai dabo ba ya neman rumfa. Buhu ɗaya ya ishe shi, da ɗan fili, da yaro mai kiɗa. Kafin ya gama baje kaya an yi masa zobe, kuma tsarin zoben ba ya canjawa: manya a baya a tsaye, hannu dafe da aljihu saboda 'yan sane, yara a gaba a tsugune, gwiwarsu ta kusa taɓa buhun.

Yaran nan su ne mafi yawa, su ne mafi kusa, amma ba domin su aka shirya wasan ba. Mai dabon kasuwa yana mayar da takarda kuɗi, yana zaro ƙyalle daga baki kamar ba zai ƙare ba, yana yanka harshe ya mayar, duk don ya tara manya ya nuna musu cewa ba haka nan yake ba. Idan zukata sun yi laushi sai a kwance ƙullin magani da layu. Dabon talla ne, maganin shi ne haja. Saboda haka tilas ya ce asiri ne, domin ranar da ya furta cewa saurin hannu ne da gwangwani mai gindi biyu, ranar cinikinsa ya mutu. Babba yakan ji wannan iƙirari ya yi murmushi, ya raba zancen biyu ya ɗauki rabi. Ɗan shekara shida ba shi da wuƙar raba zance. Ɗungurungum yake haɗiye shi, ya tafi da shi gida, wani lokaci har cikin barcinsa.

Yadda ake koyon sana'ar shi ya haifar da wannan. Ana koyonta ne a bayan maigida: yaro ya ɗauki buhu, ya yi kiɗa, ya yi amshi, ya shekara yana kallo kafin a nuna masa inda ake ɓoye ƙwandala. Abin da ake miƙa masa a ƙarshe shi ne sirrin hannu, da kirari, da surkullen da ake rufe sirrin da shi. Ba wanda ke zaunar da shi ya ce masa ga abin da ke sa yaro dariya, ga abin da ke firgita shi, ga abin da zai je ya kwaikwaya a zaure. Maigidan ma ba a gaya masa ba.

Rubuce-rubucen da ake da su kan wasannin Hausa ba su cike wannan giɓi ba, don ba aikinsu ba ne. C. G. B. Gidley ya yi nazarin 'yan kama a 1967. M. B. Umar ya tattara wasannin tashe a littafi. Ziky Kofoworola da Yusef Lateef sun fitar da littafi kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. A sassan Hausa na jami'o'inmu akan ajiye dabo da siddabaru a babin al'ada, kusa da tauri da magungunan gargajiya. Duk wannan bayani ne na mai kallo daga gefe, an rubuta shi don ɗalibi mai jarrabawa. Saurayin da ke son ya tsaya gaban 'yan firamare hamsin ya nishaɗantar da su rabin awa, zai sha yawo a shagunan littattafai kafin ya sami shafin da aka rubuta dominsa.

Abin mamaki, ƙasashen da suka cika ɗakunan karatu da littattafan dabo su ma sun daɗe da irin wannan rami. Ƙungiyar masu dabo ta Landan, The Magic Circle, ta kafu tun 1905. Harlan Tarbell na Amurka ya fara aika darussansa ta gidan waya a shekarun 1920, daga baya aka mayar da su littafi juzu'i takwas. Amma akasarin wannan tarin ilimi kan hannu yake: yadda ake ɓoye kati, yadda ake sauya ƙwallo. Wasan yara an ɗauke shi aikin ɗan koyo, abin da ake yi kafin a kai ga manyan dandamali. Shi ya sa littafin David Kaye, Seriously Silly, wanda ya fito a 2005, ya yi suna a tsakaninsu: ya ware yara rukuni-rukuni bisa shekaru, ya nuna cewa abin da ke kama ɗan shekara huɗu daban yake da abin da ke kama ɗan shekara goma.

Nan ne ainihin ilimin yake, kuma ya fi ɓoye ƙwandala wuya. Dabo yana cin babba ne ta hanyar abin da ya riga ya sani. Babba ya san ladabin kallo: idan mai magana ya dubi hannun damansa, shi ma can zai duba, hagu kuwa ta yi aikinta. Ƙaramin yaro bai gama koyon wannan ladabi ba. Yana iya ƙura wa hannun da aka so ya manta ido, ya kuma yi ihu cewa ga ta nan a ƙarƙashin hula. Ɗan shekara uku kuma, wanda fitilar hannu da muryar rediyo duk abin al'ajabi ne a wurinsa, ɓacewar ƙwai ba ta fi su ba. Ba a karya masa wata doka ba, don bai san dokar ba tukuna. Abin da ke tashin yara tsaye shi ne su ga babba ya rikice: sandar mai dabo ta lanƙwashe a hannunsa, ko abu ya leƙo a bayansa su suna gani shi ba ya gani, suna ta nuna masa yana waiwayawa ta ɓangaren da ba shi ba. A wannan ɗan lokaci yaro ya fi babba sani, abin da ba ya samu a gida ko a makarantar allo. Su kuwa 'yan shekara goma zuwa sama, burinsu su kama shi, kuma mai wasan da bai shirya wa wannan ba yakan huce da tsawa ko barazanar zai mayar da yaro akuya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima, sai dai ta zauna a wasu ɗakunan. Gizo na tatsuniya yana ba yara dariya ne saboda wayonsa kan juye masa a ka. Ɗan kama yana shiga rigar malami ya yi wa'azin tuwo, kowa ya san wasa ne. A tashe yaro ke manna gemun auduga ya zama tsoho, maƙwabta suna gane shi suna dariya. Mafi muhimmanci ita ce tatsuniya kanta, wadda ke da ƙofar shiga da ta fita: ana buɗe ta da kalmomin da kowane yaro ya sani, ana rufe ta da ƙurunƙus, har mai bayarwa ta yi nuni da cewa ƙarya ta shara. Kaka ta kai jikokinta gidan Dodo, amma ba ta barin su can su kwana. Dabon kasuwa yana da ƙofar shiga, ba shi da ta fita.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a kewaye shi a ƙasar Katsina. Malamai sun daɗe suna rarrabe abin da ake kira sihiri. Fakhruddin ar-Razi ya lissafa rufa-ido da saurin hannu a matsayin nau'i mai zaman kansa, Ibn Kasir kuma ya kawo wannan rabo a tafsirin aya ta 102 ta Baƙara. Da yawa sun hana har saurin hannun, saboda yaudara da cin dukiyar mutane da ke tafe da shi. Amma tona asirin dabo ma tsohon aiki ne a duniyar Musulmi. A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙa, al-Jaubari, ya rubuta littafi mai babi 30 yana fallasa dabarun 'yan damfara da masu da'awar karama. Reginald Scot na Ingila ya yi makamancin haka a 1584, don ya nuna cewa waɗanda ake zargi da maita ba su da wani iko. Duka biyun sun gane cewa wanda ya san yadda ake yin abu ba ya saurin rusuna wa mai yinsa. Yaron da aka nuna wa gwangwani mai gindi biyu yana ɗan shekara tara, da wuya ya kai kuɗin gonarsa wurin mai ninka kuɗi yana ɗan shekara talatin.

Buƙatar kuma ta riga littafin zuwa. Makarantu masu zaman kansu a Katsina da Kano suna neman abin nishaɗi ranar yaye ɗalibai, wuraren wasan yara suna cika da Sallah, samari kuma suna koyon dabo daga bidiyon waya, inda ake nuna hannu kawai, babu fuskar yaron da ke kallo. Wanda aka gayyata irin wannan taro, abin da ya gani a kasuwa shi zai kawo: reza a baki, allura a kunci, wuƙa a harshe. A kasuwa babba ya san akwai lauje cikin naɗi. A harabar makaranta, cikin yara hamsin, ɗaya ya isa, wanda ya san inda mahaifinsa ke ajiye reza.