Hancin Hajiya da Na'urar Madafa

Ranar da na tarar madafar mahaifiyata ta cika da warin gas, ita kuwa tana tsakar gida tana jan carbi, ban runtsa ba. Miya ce ta tafaso ta kashe wutar, gas ya ci gaba da fita. Hajiya ta haura shekara 70, ta fi shekara 50 tana girki, amma ba ta ji komai ba.

Ba sakaci ba ne. Gas ɗin girki ba shi da warin kansa. Wani sinadari ake zuba masa, ethyl mercaptan, domin hanci ya gane idan ya tsiyaya. Ƙarfin jin wari kuwa yana raguwa da tsufa. Ga shi gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa ya taru, yana jiran ƙyastun ashana.

Na sayo na'urar da ke sansano gas ta yi kururuwa, ta kuma aiko saƙo wayata. Hajiya ta dube ta, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, yanzu tuwon nawa ma sai an kai miki rahotonsa Abuja?"

A 1989 masanin nan na Amurka, Fred Davis, ya nuna cewa mutane kan karɓi fasaha idan sun ga amfaninta, kuma sun ga sauƙin sarrafa ta. Na'urata ta cika sharuɗɗan biyu. Abin da na manta shi ne mutunci. Madafa ce wurin da har yanzu maganar Hajiya ke da ƙarfi. Saƙon da ke tsallake ta ya iso gare ni yana gaya mata cewa an daina amincewa da ita.

Na cire haɗin wayar. Muka kafa na'urar ƙasa-ƙasa kusa da tukunyar gas, da batirinta saboda ɗaukewar wuta, na nuna mata maɓallin gwaji, ta danna da hannunta. Ƙarar yanzu ita take kira, ba ni ba.

Na rasa wani abu: idan tana barci ko ta fita unguwa, ba zan sani ba. Na zaɓi na'urar da za ta bari a kunne a kan wadda za ta zare ranar da na koma. Duk Juma'a takan gwada ta, sannan ta kira ni ta ce lafiya lau take.