Tsohon kuɗin Rumawa a kasuwar Umdurman

Yara, Kartum da Umdurman birane ne biyu na ƙasar Sudan. Kogin Nilu ne ya raba su. A nan ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su zama kogi ɗaya, ya nufi Masar. Hausawa da yawa sun zauna a wannan ƙasa tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa.

Rumawa ba su taɓa mulkin wannan wuri ba. Masar suka ci, shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa. Kudu da su akwai daular Kush, mai babban birni a Marawi, wajen kilomita 200 arewa da Kartum. Mutanen Kush ba su buga kuɗi nasu ba, musayar kaya suke yi. Amma fatake suna kai da kawowa tsakaninsu da Masar, har kuɗin Rumawa kaɗan suka gangaro kudu.

Na taɓa riƙe irin wannan kuɗi a kasuwar Umdurman, kafin yaƙi. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya ne ya ɗauko shi cikin faranti, ya miƙo mini. Faɗinsa kusan na dala ashirin, amma ya fi ta kauri da nauyi. Ya yi baƙi ƙirin. Da ganin farko sai ka ce marfin kwalba ne mota ta taka.

Na juya shi wajen haske. A fuska ɗaya akwai kan wani mutum mai kaurin wuya, da kambi mai tsini kamar hasken rana. Wannan shi ne Neron, sarkin Rum daga shekara ta 54 zuwa ta 68. A ɗaya fuskar akwai mace, ta sa fatar kan giwa kamar hula. Ita ce alamar birnin Iskandariya, inda aka buga kuɗin. Rubutun kuwa ba Latinanci ba ne, Girkanci ne, domin shi ne harshen mulki a Masar a lokacin. Wannan kuɗin lardi ne. An yi shi don Masar kaɗai, ba a kashe shi a birnin Rum.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne haruffa uku: L, I, B. Alamar L tana nufin shekara. I goma ne, B kuma biyu. Ke nan shekara ta 12 ta sarautar Neron, wato tsakanin 65 da 66. Ku lissafa da kanku shekarunsa nawa yau. Ƴan shekaru kafin a buga shi, Neron ya aiko sojoji su nemo mafarin Nilu. Sun wuce Marawi, suka yi ta bin kogi kudu har fadamu suka tsayar da su.

Ana kiran kuɗin na azurfa, amma jan ƙarfe ya fi yawa a cikinsa. Sarki ya rage azurfar, darajar kuwa ya bar ta yadda take. Haka ma aka yi a Umdurman kanta. Halifa Abdullahi, wanda ya gaji Mahdi a 1885, ya buga riyal a garin, an rubuta masa "maƙbul", wato karɓaɓɓe. Da tafiya ta yi nisa, azurfar ta yi ta raguwa har riyal ya koma kusan jan ƙarfe zalla.

Na tambayi dattijon: "Baba, daga ina aka samo shi?" Ya ce, "Ɗana, hannu da hannu ya zo." Na yi masa godiya, na mayar da shi cikin faranti. A ganina, tsohon kuɗin da ba a san inda aka tono shi ba ya rasa rabin labarinsa. Wani lokaci ma na sata ne.

Wannan magana ta ƙara nauyi yanzu. Yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu 2023. An wawashe babban gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. Gidan Halifa na Umdurman, da aka mayar gidan tarihi, shi ma bai tsira ba. A watan Satumba 2024 hukumar UNESCO ta roƙi masu tara tsofaffin kaya a duniya kada su sayi abin da aka fitar daga Sudan.

Ku ma wata rana kuna iya tsintar tsohon kuɗi a gona, ko a tasar kakarku. Kada ku goge shi da toka ko lemun tsami, rubutun zai lalace. Ku rubuta ranar da wurin da kuka same shi, ku nuna wa malam. Sannan ku ɗora farar takarda a kansa, ku shafa fensir a hankali. Kan sarki da haruffa za su fito a kan takardar.